Babi na Biyar: Wasan da Ya Wuce Mutum

Me ya sa mai son kiɗa zai riƙa cizon yatsa a kan wasan da bai halarta ba, alhali waƙoƙin da aka rera a wurin suna cikin wayarsa, yana iya jin su safe da yamma ba tare da ya sayi tikiti ko ya sha turereniya a bakin ƙofa ba? Tambayar ta cancanci a tsaya a kanta, domin duk inda masoya kiɗa suka zauna hira ta yi tsawo, sai an gangaro kan lissafin wasannin da kowa ke cewa ina ma da shi aka yi, kuma sau da yawa mai wannan magana ko haihuwarsa ba a yi ba a lokacin da aka yi wasan. Sunayen da ake kawowa ba su cika canzawa ba: taron Woodstock na 1969 a Amurka, da Live Aid na 1985 a Landan, da daren da Bob Marley ya yi waƙa a bikin ’yancin kan Zimbabuwe a 1980, da zaman da Ummu Kulsum take yi a Alƙahira daren Alhamis. Wannan maimaici shi ma abin dubawa ne, saboda an yi dubban wasanni a cikin waɗannan shekaru, daga cikinsu akwai waɗanda ba su gaza ba wajen gwanintar makaɗa ko cikar jama'a, amma ba a jin kowa yana kukan rashinsu. Ke nan tambayar biyu ce a haɗe: mene ne ainihin abin da wanda bai je ba ya rasa, kuma wa ya zaɓar masa wasan da zai yi takaicinsa?

Abin da faifai ba ya kamawa

Wasan kai tsaye, wato wanda mawaƙi ke yi a gaban jama'a a wuri ɗaya da lokaci ɗaya ba tare da damar komawa baya a gyara ba, ya sha bamban da waƙar da aka ɗauka a sutudiyo, inda ake maimaita baiti sau da yawa har sai ya yi daidai, a ɗauki murya daban a ɗauki kiɗa daban, sannan injiniya ya haɗa su. Ta fuskar tsabtar sauti faifai ya fi, wannan babu ja. Abin da babu a sutudiyo shi ne ’yan kallo, kuma a wasu al'adun kiɗa ’yan kallo suna da hannu dumu-dumu a cikin ƙirar waƙar da ake yi musu.

Ummu Kulsum ta Masar ce misalin da ya fi fitar da wannan fili. Daga shekarun 1930 zuwa farkon shekarun 1970 tana yin wasa a daren Alhamis ta farko ta wata a lokacin kakar wasanninta, gidan rediyon Masar kuma yana watsawa kai tsaye, har takan kai tituna su yi sauƙi a biranen Larabawa saboda kowa ya koma gindin rediyo. Takan tsaya a gaban makaɗanta da ke zaune a jere, riƙe da ƙyalle a hannu, ta yi waƙa biyu ko uku kacal a dare guda, domin waƙa ɗaya tana iya cin awa ɗaya ko fiye. Tsawon ba daga yawan baitoci yake zuwa ba. Takan rera layi ɗaya, ’yan kallo su ɗauki sowa suna roƙon ta sake, sai ta maimaita shi da wata karyawar murya dabam, ta ja wani harafi ta gajarce wani, su sake tashi, ta sake komawa, har sai ita da su sun gamsu kafin a wuce gaba. Larabawa suna kiran halin da ake shiga a irin wannan zama da suna ɗarab, wato wani irin shauƙi da ke kama mawaƙi da mai saurare tare, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa. Saboda haka waƙa ɗaya takan fito da kama daban a kowane wata, gwargwadon mutanen da suka cika ɗakin, kuma wanda bai samu shiga ɗakin Olympia na Faris ba a darare biyun da ta yi can a Nuwamban 1967 ya rasa wani abu da ba a sake yin irinsa sak ba har ta rasu a Fabrairun 1975.

Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a kai shi Alƙahira kafin ya gane wannan, domin haka makaɗan gargajiya suke aiki a gida. A wasan Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, masu kalangu suna riƙe da kiɗa, ’yan amshi suna jiran gindin waƙa, shi kuma idonsa yana kan taro: idan wani mai faɗa-a-ji ya shigo fili sai sunansa da na mahaifinsa da na garinsu su faɗo cikin baiti nan take, idan aka yi kyautar riga ko kuɗi ko mota maroƙi ya shelanta, waƙar ta karkata wajen mai kyautar, idan kuma wani ya yi abin da bai gamshi mawaƙin ba sai habaici ya biyo baya, taro ya fashe da dariya. Shi ya sa ko Bakandamiya, wadda ita ce waƙar da ya yi wa kansa kirari a ciki, baitocinta suke bambanta daga wannan ɗauka zuwa waccan, kuma an sha ruwaito cewa shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Kaset ɗin da ya rage a hannun mutane dare ɗaya ne daga cikin darare masu yawa, sauran sun tafi da waɗanda suka ji su.

Akwai kuma ɓangaren jiki, wanda na'ura ba ta da hanyar isar da shi. Wanda ya kalli hawan sallah a talabijin yana ganin fuskar sarki da adon dawaki fiye da wanda ya tsaya a ƙofar fada cikin rana, amma bai ji ƙasa tana girgiza a lokacin jafi ba, bai shaƙi ƙura da hayaƙin bindigogin ’yan bindiga ba, kuma ba ya cikin dubban da suka ɗaga murya lokaci guda. Wannan bambanci shi ne kashi na gaskiya a cikin takaicin masoya kiɗa, kuma babu wanda zai ce ƙirƙirarsa suka yi. Sai dai bai isa ya bayyana dalilin da ya sa takaicin ya taru a kan ’yan wasanni ƙalilan ba.

Kujerun da babu kowa a kai

Ranar 29 ga Agusta 1966 ƙungiyar Beatles, wadda a lokacin babu ƙungiyar makaɗa da ta kai ta suna a duniya, ta yi wasa a filin Candlestick Park na birnin San Francisco. Filin yana ɗaukar mutum 42,500, amma tikiti kusan 25,000 aka sayar, a kan dala huɗu da rabi zuwa shida da rabi, don haka ɓangarori guda-guda na filin sun zauna fayau. An kafa dandamalin a tsakiyar fili nesa da jama'a, an kewaye shi da shingen waya, iska mai sanyi tana kaɗawa daga teku, ihun ’yan kallo kuma ya danne lasifikokin zamanin har makaɗan ba sa jin junansu sosai. Waƙa 11 suka yi cikin kusan rabin awa. Paul McCartney, ɗaya daga cikin ’yan ƙungiyar, ya sa jami'in hulɗarsu da ’yan jarida ya ɗauki wasan da ƙaramar rikoda ta hannu, kaset ɗin kuma ya ƙare a tsakiyar waƙar ƙarshe, daga nan aka fitar da su cikin mota mai sulke. Ba a sanar da kowa cewa wannan ne wasan tikiti na ƙarshe da za su yi ba. Mutanen San Francisco da suka ce sai wata shekarar ba su yi wauta ba, domin Beatles sun zo yankin a 1964 da 1965, kuma babu alamar ba za su dawo ba.

Haka abin yake a ƙarshen Woodstock. An shirya Jimi Hendrix, fitaccen mai kaɗa jita, shi zai rufe taron daren Lahadi, amma ruwan sama da jinkiri suka tura wasansa zuwa safiyar Litinin 18 ga Agusta 1969, lokacin da mafi yawan mutum kusan 400,000 da suka taru a gonar Max Yasgur a garin Bethel sun riga sun kama hanya, ga gajiya ga yunwa ga aiki yana jiran su. Waɗanda suka rage, a filin da ya koma taɓo da tarkace, su ne suka ji shi yana kaɗa taken ƙasar Amurka yana sa jitar tana kwaikwayon rugugin bama-bamai da kururuwa, a daidai lokacin da ake yaƙin Biyetnam. Wata 13 bayan haka ya rasu a Landan yana da shekara 27, kuma waɗannan ’yan mintoci suka zama abin da aka fi tunawa da taron gaba ɗaya, duk da cewa akasarin waɗanda suka je Woodstock suna kan hanya lokacin da aka yi su.

Bob Marley ma ya tara kusan mutum 100,000 a filin San Siro na Milan a Yunin 1980, amma wasan da masoyansa suka fi ƙunar rashinsa shi ne na 23 ga Satumba na shekarar, a wani ɗakin wasa na Pittsburgh mai ɗaukar mutum dubu uku da ’yan kai. Kwana biyu kafin nan ya yanke jiki ya faɗi yana gudun motsa jiki a New York, likitoci suka gano cewa ciwon daji ya yaɗu a jikinsa, ’yan kallo kuwa ba su san komai ba. Aka soke sauran rangadin, ya rasu ranar 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36. A duka misalan uku, darajar da wasan yake da ita yau bayan an watse ta same shi, kuma mutuwa ko rabuwar ƙungiya ce ta ba shi ita. Wani abin da ya zo a juye shi ne na Michael Jackson, wanda aka shirya masa wasa 50 a Landan daga Yulin 2009, tikiti suka ƙare cikin gaggawa, sai ya rasu ranar 25 ga Yuni. Aka bai wa masu tikiti zaɓi tsakanin karɓar kuɗinsu da riƙe tikitin a matsayin abin tunawa, kuma an samu waɗanda suka zaɓi takardar wasan da ba a taɓa yi ba.

Yadda da-na-sani ke girma

Masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Thomas Gilovich da Victoria Medvec, sun yi nazarin nadama a tsakiyar shekarun 1990, suka nuna cewa a ɗan gajeren lokaci mutane sun fi nadamar abin da suka aikata, amma idan tafiya ta yi nisa nadamar abin da ba su aikata ba ce take rinjaye. Dalilin yana da sauƙin ganewa idan aka ɗora shi a kan wasan kiɗa. Wanda ya je wasa bai ji daɗinsa ba ya san iyakar asararsa, kuɗin tikiti ne da dare ɗaya, kuma cikin ’yan kwanaki ya manta. Wanda bai je ba kuwa ba shi da abin da zai auna asararsa da shi sai zato, zato kuma ba ya kawo ruwan sama ko lalacewar lasifika ko dogon mutum da ya tsaya a gabansa. Bugu da ƙari, dalilan da suka hana shi zuwa, kamar tsadar tikiti ko jarrabawa ko rashin lafiyar yaro, suna dusashewa a ƙwaƙwalwa, har ya wayi gari yana ganin sakaci ne kawai ya hana shi, alhali a ranar hukuncin da ya yanke daidai ne.

Wani lokacin matsin yakan kai mutum ga sanya kansa cikin taron da bai je ba. Ranar 4 ga Yuni 1976 ƙungiyar Sex Pistols ta yi wasa a wani ƙaramin ɗaki a Manchester a gaban mutanen da aka ƙiyasta ba su wuce 40 ba, amma da yake wasu daga cikinsu sun kafa ƙungiyoyin da suka yi suna daga baya, irin su Joy Division da The Smiths, sai masu iƙirarin sun halarta suka yi ta ƙaruwa shekara bayan shekara har suka ninka abin da ɗakin zai iya ɗauka. Ba lallai ne dukkansu maƙaryata ba ne, domin ƙungiyar ta sake wasa a ɗakin bayan mako shida, kuma labarin da mutum ya ji sau da yawa yana iya rikiɗe masa ya zama kamar abin da ya gani da idonsa.

Wanda ya je, me ya gani?

Ana cewa gani ya kori ji, amma a manyan tarukan kiɗa wanda ya je ba kullum yake ganin abin da ake ba da labari ba. Daren 17 wayewar 18 ga Afrilu 1980 an cika filin Rufaro na Salisbury, wadda ta zama Harare daga baya, da manyan baƙi irin su Yarima Charles na Ingila da Indira Gandhi ta Indiya da Shugaba Shehu Shagari na Nijeriya, aka sauke tutar Birtaniya aka ɗaga ta Zimbabuwe da tsakar dare. Bob Marley, wanda shi ya ɗauki nauyin jigilar kayan kiɗansa daga Landan, ya hau dandamali jim kaɗan bayan nan, sai dubban mutanen da aka bari a waje, cikinsu har da tsoffin mayaƙan ’yanci, suka kutsa cikin filin, ’yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, hayaƙin ya kai har kan dandamali, makaɗa suka watse aka tsayar da wasa na wani lokaci kafin a dawo a ƙarasa. Ganin talakawan da aka yi bikin dominsu ba su samu kallo ba, sai ya sake wani wasan a filin washegari. Wanda yake burin a ce yana Rufaro a daren farko yana burin daren da da yawa daga cikin mahalartansa suka yi shi suna gudu suna hawaye.

Woodstock ɗin ma kwana uku ne na cunkoson motoci da ƙarancin abinci da na bayan gida, har sai da aka yi amfani da jirage masu saukar ungulu wajen kai makaɗa da likitoci, kuma wanda yake can ƙarshen taro ɗigo kawai yake hangowa a kan dandamali. A Live Aid, wanda aka shirya ranar 13 ga Yuli 1985 domin tara kuɗin agajin yunwar Habasha, mutum 72,000 ne a filin Wembley, masu kallo a talabijin kuwa an ƙiyasta sun haura biliyan ɗaya, kuma su ne suka ga fuskar mawaƙi Freddie Mercury da gumin da ke zuba masa a cikin minti 21 da ƙungiyarsa ta Queen ta yi, wanda a yau ake sa shi sahun gaba a wasannin kai tsaye. Matasan da suka san wannan wasa ta hanyar fim ɗin da aka yi a kan Queen a 2018 kuma suke takaicin rashinsa, a haƙiƙa takaicin abin da kyamara ta gani suke yi daga wurin da babu ɗan kallon da ya tsaya.

Harlem da Woodstock: bazara ɗaya

A nan ne amsar ɓangare na biyu na tambayar take. Woodstock ya ƙare da bashi a kan waɗanda suka shirya shi, domin shinge ya faɗi an shiga kyauta, amma a Maris 1970 aka fitar da fim na awa uku a kansa, wanda ya zagaya sinimomin duniya ya ci lambar Oscar, kuma wannan fim ne ya gina hoton da ke kan mutane har yau. Ƙarfinsa ya kai ga ƙungiyar Creedence Clearwater Revival, wadda tana cikin mafiya tashe a shekarar kuma ta yi wasa a taron, mutane da yawa ba su san ta je ba saboda ba ta fito a fim ɗin ba. Waƙar da ta fi shahara a kan taron kuwa Joni Mitchell ce ta rubuta ta, ita da ba ta je ba domin manajanta ya ga ya fi mata ta zauna a New York ta shiga wani shirin talabijin, don haka a akwatin talabijin ta ga taron kamar kowa.

A wannan bazara dai, kimanin kilomita 160 daga Bethel, an yi bikin al'adu na Harlem, unguwar baƙaƙen fata a New York, a ranakun Lahadi shida tsakanin 29 ga Yuni da 24 ga Agusta a dandalin Mount Morris, shiga kyauta, kuma an ƙiyasta mutum 300,000 suka halarta gaba ɗaya. Stevie Wonder, yana ɗan shekara 19, ya yi wasa a ranar 20 ga Yuli, wato ranar da ’yan sama-jannatin Amurka suka sauka a duniyar wata. Nina Simone da B.B. King da Mahalia Jackson da Hugh Masekela na Afirka ta Kudu duk sun hau dandamalin. Wani mai shirya fina-finai, Hal Tulchin, ya ɗauki kusan awa 40 na wasannin da kyamarori masu kyau, amma ban da ɗan abin da aka nuna a talabijin a shekarar, bai samu kamfanin da zai saya ba, faifayen suka zauna a ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida kusan shekara 50. A duk tsawon wannan lokaci sunan Harlem bai shiga jerin wasannin da ake cizon yatsa a kansu ba, domin mutum ba ya takaicin abin da bai san an yi ba. Sai a 2021 makaɗi Questlove ya tsara hotunan ya fitar da fim mai suna Summer of Soul, wanda shi ma ya ci Oscar a 2022, kuma a cikinsa an nuna wani da ya halarci bikin yana yaro yana zubar da hawaye, domin hotunan sun tabbatar masa cewa abin da yake tunawa ya faru da gaske. Daga nan ne Harlem ta fara samun masu kukan rashinta, akasarinsu waɗanda aka haifa shekaru da yawa bayan bikin.

Zai yi wuya a ce makaɗan Woodstock sun fi na Harlem, kuma ba sai an yi dogon bincike ba kafin a ga cewa launin fatar ’yan kallo yana cikin abin da ya sa kamfanoni suka zuba kuɗi a ɗaya suka kau da kai daga ɗayan. Irin wannan jinkiri ya samu bikin Zaire 74 na Kinshasa, inda James Brown da Miriam Makeba da Franco da Tabu Ley suka yi kwana uku suna wasa a Satumban 1974. An shirya bikin ne ya zama sharar fagen damben Muhammad Ali da George Foreman, sai Foreman ya ji rauni a gira aka ɗage damben zuwa 30 ga Oktoba, bikin kiɗan ya tsaya shi kaɗai, fim ɗinsa kuma bai fito ba sai 2008.

Legas da Kaduna, 1977

Idan girman taro ne ma'auni, bikin fasaha da al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, wanda aka fi sani da FESTAC, ya isa ya hau kan kowane jeri. An yi shi a Nijeriya daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, da mahalarta kusan 16,000 daga ƙasashe 56; an gina babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Iganmu da rukunin gidajen Festac a Legas saboda shi, an kuma yi gagarumin hawan daba a Kaduna inda masarautun Arewa suka kawo dawakai da makaɗan fada. Stevie Wonder da Miriam Makeba da Gilberto Gil na Barazil da Sun Ra na Amurka duk sun zo. Mawaƙi Fela Anikulapo Kuti kuwa ya janye daga kwamitin shirye-shirye yana sukar gwamnati, ya riƙa wasa da dare a gidan rawarsa da ake kira Shrine, manyan baƙin bikin suna sulalewa zuwa can bayan an tashi daga shirin hukuma. Kwana shida da rufe bikin, ranar 18 ga Fabrairu, sojoji kusan 1,000 suka far wa gidansa na Kalakuta suka ƙone shi, kayan kiɗa da faifayen ɗauka suka tafi a wutar, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo baya.

Duk da haka, matashin Kano ko na Legas mai son kiɗa ya fi saurin sanin abin da ya faru a Wembley a 1985 fiye da abin da ya faru a ƙasarsa a 1977, saboda na farko yana iya kallonsa yau a intanet daga farko har ƙarshe, na biyu kuwa guntaye ne a warwatse, kuma ko hotunan da Marilyn Nance, mai ɗaukar hoto ta tawagar Amurka, ta ɗauka a bikin sai a 2022 aka tattara su a littafi. Wannan giɓi ya fi faɗi idan aka sauko kan wasannin da ba gwamnati ce ta shirya ba, kamar kiɗan biki da na naɗin sarauta da na dambe da na kalankuwa, inda manyan makaɗan Hausa suka yi mafi yawan aikinsu ba tare da kowace na'ura a kusa ba, da kuma waɗanda aka ɗauka amma faifan ya lalace ko aka goge aka ɗora wani shiri a kai. Wa ya ɗauki abin da ya rage, da wace na'ura, kuma a hannun wa yake yanzu? Babi na gaba zai bi sawun waɗannan faifaye, daga kamfanonin garmaho na zamanin mulkin mallaka zuwa ɗakunan ajiyar gidajen rediyon Kaduna da Yamai da shagunan masu sayar da kaset a kasuwanni.